Saƙon "maganin mishan yana hana haihuwa": me ya tabbata, me aka ƙaga?

Wani saƙon murya yana ta zagaya zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwanni. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai ambaci asibiti ko likita ko ɗaya ba, amma ya rantse cewa ƙungiyoyin agajin Kirista suna zuba sinadarin hana haihuwa a magunguna da alluran rigakafin da suke bayarwa. Ya rufe da "a tura wa kowa saboda Allah". Wanda ya san Allah da gaske ba ya jefa irin wannan magana cikin mutane ba tare da hujja ba.

Akwai gaskiya ƙalilan a ciki. Asibitocin mishan ba sa ɓoye addininsu. Ana addu'a, ana wa'azi, kuma wani ɓangare na kuɗinsu daga coci-cocin ƙasashen waje yake zuwa. Batun da wasu ke yi cewa sai mutum ya bar addininsa kafin a duba shi kuwa, layin yankan kati a asibitin ido na ECWA da ke Kano ya ishe shi amsa. Tun 1943 ake kai tsofaffi masu yanar ido can, jika na riƙe da sandar kaka, a yi aiki, washegari a cire bandeji mutum ya ga fuskar wanda ya kawo shi, ya koma gida da sallarsa. Haka abin yake a asibitin Galmi na jihar Tawa a Nijar, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950.

Zancen hana haihuwar shi ne mai kashe yara. Allurar ƙyanda ko ɗigon shan inna da ake yi wa jariri a ɗakin shan maganin coci, daga rumbun sanyin gwamnati suke fitowa, su ne dai waɗanda ake bayarwa a asibitin ƙaramar hukuma. Kuma an taɓa gwada wannan zargi a aikace. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna saboda irin wannan tsoro, ba a dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. A tsakani cutar ta bazu zuwa ƙasashen da a da suka rabu da ita. Yaran da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci yanzu sun haura ashirin, da yawansu suna goye da nasu 'ya'yan. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matan Arewa maso Yamma suna haihuwar sama da yara shida a matsakaici, adadi mafi yawa a Najeriya.

Uwar da ta ji saƙon ta firgita ba ta cancanci zargi ba. Kanawa ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin Zana, a gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Sai dai wancan aikin kamfanin magani ne, ba na coci ba, kuma batun haihuwa bai shigo cikinsa ba. Illar gudun allura kuwa an gan ta a 2023, da mashaƙo ya fi tsananta a Kano, akasari a kan yaran da ba a yi wa rigakafi ba.

Ba wanda zai tsaya wa duk baƙon da ya sauka a ƙauye da kwalin ƙwayoyi yana cewa agaji ya kawo, Kirista ne ko Musulmi. Irin wannan a tambaye shi takardar izinin sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalin, mai unguwa kuma ya san da zuwansa kafin a tara masa mata da yara.