Wa Ya Ce Ƴaƴan Shinuwa Ba Su Wasa?

Na gaji da wata magana da ke yawo a Matamaye, musamman idan jarrabawar birbe ta matso. Wai Shinuwa hadda da bulala ne suka kai su inda suke, wasa da aikin hannu kuwa sangartar Turawa ce. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ da Shinuwa suka gina kusa da Damagaram a 2011, kowa ya zama masanin ƙasar Sin! Ran nan a gabana wani uba ya fizge ƙwallon tsumma daga hannun ɗansa, ya cilla ta bayan katanga, ya ce ƴaƴan Shinuwa ba su wasa.

To wa ya gaya masa? A zamanin babban malaminsu Konfushiyos, wanda aka haifa shekara 551 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), fanni shida ake koya wa ɗalibi: ladabi, kiɗa, harbi da baka, tuƙin keken doki, rubutu da lissafi. Ku ƙirga ku ga guda nawa ne na zaman aji. Gaskiya ne yaransu na yau suna shan wuyar jarrabawa, amma ai shi ya sa a 2021 gwamnatinsu da kanta ta rage aikin gida, ta taka wa masu darasin kuɗi na bayan makaranta birki. Ciwon da suke nema wa magani, shi muke sha'awa.

Turawa ma ba su ce takarda kaɗai ba. Pestalozzi, malamin Suwizalan, kai da zuciya da hannu ya ce a gina tare. Bambancin dai shi ne Bature ya fi son yaro ya tsaya da ƙafarsa ya faɗi ra'ayinsa, Basine kuwa biyayyar iyaye yake sa wa gaba. Mu ma ba aro za mu yi ba: tun 1964 masaninmu Abdou Moumouni ya rubuta yadda tarbiyyarmu ta gargajiya ke haɗa ilimi da aiki da hali.

Don Allah iyaye, in kun je lakwal, kada ku tsaya ga maki. Ku tambayi mushe: yaronku yana gaida mutane? Yana cin zalin ƙanana? Da damina ku bar shi ya riƙe hauya, amma ban da ranar aji. Da la'asar ya yi langa da kokowa. Yarinya ma a rage mata talla ta samu hutu. Wanda ya yi allo da asuba, ya wuni lakwal, ku kashe masa fitila da wuri ya yi barci.