Jinjiri ma yana jin zafi

Har cikin shekarun 1980, likitoci da dama a ƙasashen Turai da Amurka sun ɗauka cewa jijiyoyin jinjiri ba su nuna ba, saboda haka ba ya jin ciwo kamar babba. A 1985, a birnin Washinton, an yi wa wani bakwaini aikin fiɗa a ƙirji da maganin sandarar da jiki kaɗai, ba tare da na kashe zafi ba. Uwarsa, Jill Lawson, ita ce ta kai maganar gaban jama'a.

A 1987, binciken likita Anand da abokan aikinsa a Ingila ya nuna cewa bakwainin da aka bai wa fentanil lokacin fiɗa sun fi sauran samun sauƙi bayan aiki. Tun daga nan tunani ya sake.

Amma fa ba fiɗa ce kawai ke wahalar da jinjiri ba. A 2008, wani bincike cikin asibitocin yankin Paris a kan jarirai 430 ya gano cewa a ɗakin kulawa ta musamman ana yi wa yaro abu mai zafi kamar sau 10 a yini: tsaga dunduniya don ɗibar jini, zuƙo majina, sa allura. Galibi kuma ba a ba shi komi kafin a taɓa shi.

To, sai a yi ta ɗura magani? A'a. Gwajin NEOPAIN na 2004, a kan bakwaini 898 da na'ura ke taya su numfashi, ya nuna cewa ba da morfin ga kowa ba ya rage mutuwa ko lahanin ƙwaƙwalwa, yana ma iya saukar da ƙarfin bugun jini. Midazolam kuwa yana sa barci ne, ba ya kashe zafi.

Don haka ƙa'idar yau ita ce a auna tukuna. Ana duban fuskar yaro, da kukansa, da barcinsa, da motsin jikinsa. In ciwon babba ne, a ba da magani gwargwado, ana lura da numfashi. In ƙarami ne, nonon uwa, ko ɗigon ruwan sukari a harshe minti 2 kafin allura, ko kwantar da shi fata da fata a ƙirjin uwarsa, dabarar da ta samo asali a Bogota a 1978.

Waɗannan na ƙarshe ba su bukatar kuɗi ko na'ura, ko a Paris ko a Maraɗi. Abin da suke bukata shi ne a bar uwa kusa da ɗanta.