Shin Ko Kun San? Neman Aiki da Wayar Hannu, Daga Gwandu Zuwa Kalgo

Shin ko kun san cewa fiye da shekara 200 da suka wuce, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke cikin garin Gwandu, ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi? A ciki ya jera malaman da ya zauna a gabansu da littattafan da ya karanta wurin kowannensu, ciki har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrila ɗan Umaru. Abin da mai ɗaukar ma'aikata ke son sani ke nan har gobe: me ka iya, wa ya koya maka, wa zai shaide ka.

Shin ko kun san akwai dandalin da aka gina don amsa waɗannan tambayoyi kaɗai? LinkedIn ke nan. An buɗe shi a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2, kuma a 2023 masu rajista a cikinsa suka haura biliyan 1. Buɗe shafi kyauta ne.

Ko kun san Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a Kalgo ta fara zama, kuma mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza? Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga jami'ar jiha a Aliero. Duk shekara suna yaye matasa, guraben gwamnati kuwa ba sa isa. Abin da ke damuna shi ne ganin ɗalibin da ya kwashe watanni yana binciken kammala digiri, ya ɗaure shi da kwali, ya bar shi a kanta yana shan ƙura, alhali shafinsa na Facebook cike yake da hotunan biki da cacar bakin siyasa. Ƙannena, ku rubuta sakin layi uku a kan abin da kuka gano, ku ɗora a LinkedIn, da cikakken sunanku irin na jikin takardunku, ba laƙabin majalisa ba. Wanda ya yi bincike kan cutar shinkafa a fadama, ai a jihar da ke da masana'antar sarrafa shinkafa ta Labana a Birnin Kebbi da ta WACOT a Argungu, bai rasa mai karantawa ba.

Shin ko kun san ba aminanka ne suka fi kai ka ga aiki ba? Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022 ya bi diddigin mutum miliyan 20 a LinkedIn na tsawon shekara 5, ya gano cewa waɗanda kuke da 'yar sanayya da su sun fi na jikinka buɗe maka ƙofar sabon aiki. Dalilin a fili yake. Labarin da abokin hirarka ya ji, kai ma ka riga ka ji shi. Amma wanda kuka yi hidimar ƙasa tare ya koma Fatakwal, ko tsohon malaminka da ya yi ƙaura Abuja, kunnensa na jin abin da naka ba ya ji. A riƙa gaishe su tun ba a da buƙata.

Ko kun san ana leƙa shafinka kafin a kira ka? A wani bincike da kamfanin CareerBuilder ya yi a Amurka a 2018, kashi 70 cikin 100 na masu ɗaukar ma'aikata sun ce suna yin haka, fiye da rabinsu kuma sun ce sun taɓa fasa ɗaukar wani saboda abin da suka gani. Tun 2019 ma, mai neman bizar Amurka sai ya rubuta sunayen shafukan da ya yi amfani da su cikin shekara 5. Zagin da aka yi wa ɗan takara lokacin zaɓe yana nan bai goge kansa ba.

Jobberman fa, shafin tallar guraben aiki? Ɗalibai uku na Jami'ar Obafemi Awolowo ne suka kafa shi a 2009.

Shin ko kun san Facebook yana da Hausa tun 2016, WhatsApp Business kuma ya fito a 2018? Tela a Gwandu, ko mai gyaran sola a Kalgo, ko uwargida mai turaren wuta, ba sai da Turanci za su nuna aikin hannunsu ba. Hoto mai haske, farashi na gaskiya, da cika alkawari ranar da aka ce.

Ko kun san shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, don horas da mutum miliyan 3 sana'o'in fasahar zamani, ta intanet ake neman shigarsa, kamar yadda aka yi da N-Power tun 2016? Macuta ma sun sani. Shi ya sa saƙonnin "Kwastan na ɗaukar ma'aikata, tura wa ƙungiyoyi goma" ke yawo a WhatsApp. Hukumomin gwamnati sun sha fitowa suna cewa ba sa sayar da gurbi. Ku duba ko adireshin shafin ya ƙare da .gov.ng, ku tabbatar da sanarwar a shafin hukumar kanta, kuma kada ku ba kowa lambar BVN ko lambar sirri da banki ya turo muku, ko da ya ce daga hedikwata yake kira.