Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kada A Yar Da Kwalaben Tsohuwar Rediyo

A gidaje da dama na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai tsohuwar rediyo mai akwatin katako da ke ajiye ƙura ta lulluɓe ta. Haka nan a ɗakin ajiya na wasu majami'u da makarantu akan sami tsohuwar amfilifaya mai nauyi kamar dutsen niƙa. Sau da yawa 'yan gwangwan kan zo su auna ta a sikeli, su ba da 'yan canji su tafi. Mun ga ya kamata mu ja hankalin 'yan'uwa masu karatu, domin abin da ke cikinta yana iya fin ƙarfen daraja nesa ba kusa ba.

In aka buɗe bayan irin wannan rediyo za a ga wasu 'yan kwalabe a jere, masu kama da ƙwan lantarki, waɗanda ke yin ja in sun ɗauki zafi. Su ne ke ƙara ƙarfin sauti. Wani Bature ɗan Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya ƙago su a 1904, sannan Lee de Forest na Amurka ya inganta su a 1906. Lokacin da aka buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, yawancin akwatunan rediyo da su suke aiki. Tiransisto, wanda aka ƙago a 1947, shi ne ya ture su daga baya, saboda ba ya cin batir da yawa.

To, ashe ba su mutu ba. Har yanzu makaɗan jita da masu son sauti mai daɗi suna neman su, musamman masu lamba ECC83 da EL84 da EL34. Ana yin sababbi a Rasha da Sin da Silobakiya, amma na dā, irin na Mullard da Philips da Telefunken, su ne masu tsada. Inda kuwa kuɗi yake, nan 'yan damfara suke. Sukan ɗauki sabuwar kwalba mai araha, su buga mata tambarin tsohon kamfani. Ban da haka, sunan Mullard ɗin ma wani kamfanin Amurka ya saye shi, yana buga shi bisa doka a jikin kwalaben da ake yi a Rasha. Saboda haka suna kaɗai ba ya zama shaida.

Yaya za mu gane ta gaskiya? Da farko, mu duba ƙasa-ƙasa a jikin gilashin. Masana'antun Philips da Mullard kan zana wasu ƙananan haruffa layi biyu, masu launin toka, waɗanda ba sa gogewa da sauƙi. Layi na biyu shi ne takardar haihuwar kwalbar. Harafin B a farko yana nufin masana'antar Blackburn ta Ingila. Lambar da ke biye ita ce ƙarshen shekara, harafin da ke bayanta kuma wata ne, daga A na Janairu zuwa L na Disamba. Misali, B4C na nufin Blackburn, watan Maris, a shekarar da ta ƙare da 4. Ko 1954 ce ko 1964, sai masani ya dubi ƙirar cikinta ya bambance.

Na biyu, ainihin Telefunken ta Jamus tana da wata 'yar alama mai kusurwa huɗu a gindinta, tsakanin ƙafafun ƙarfe. A cikin gilashin aka yi ta tun yana narke, don haka fenti ba ya iya kwaikwayonta. Na Amurka kuwa lambar kamfani suke ɗauke da ita: 274 ta RCA ce, 188 ta General Electric, 312 ta Sylvania.

Na uku, mu dubi wani tabo mai sheƙin azurfa da ke cikin kwalbar, galibi a samanta. Muddin yana sheƙi, iska ba ta shiga ba. In ya koma fari fat kamar alli, kwalbar ta mutu, komai kyan sunanta.

Ga gargaɗi guda biyu. Kada a goge kwalba da jiƙaƙƙen tsumma, domin farin tambarin na dā yakan fita nan take, darajar kuma ta ragu. Mafi muhimmanci, kada a jona tsohuwar na'ura da wuta don gwaji, kada kuma yara su sa hannu a ciki. Ƙarfin wutar da ke cikinta yakan kai bolt 300 ko fiye, tana kuma iya riƙe shi bayan an cire ta daga bango. Wannan ya isa ya kashe mutum.

Shawararmu ita ce, kafin a sayar, a kwafe lambobin a takarda, a ɗauki hotonsu da waya, a nuna wa tsohon mai gyaran rediyo wanda ya yi zamani da su, ko a Gumel ko a Sabon Garin Kano. In kayan jama'a ne, a yi cinikin a gaban shaidu, a rubuta. Wanda ya san abin da ke hannunsa, ba a saye shi a farashin gwangwani.