Mota ta ƙi tashi, fitilar makulli na ƙiftawa: kada a yi gaggawar taɓa ƙwaƙwalwarta

Direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Tsibiri, Maradi da Jiratawa sun san wannan matsala: a murɗa makulli, demarer ya juya, amma inji ya ƙi kamawa, ko ya kama ya mutu nan take, wata ƴar fitila kuma na ƙiftawa a tablo. Sau da yawa laifin na na'urar hana sata ne, wadda bakanikai ke kira antidemaraj.

Tun shekarar 1998 aka wajabta wannan na'ura a sababbin motoci a ƙasashen Turai irin su Jamus da Ingila. Shi ya sa galibin motocin hannu da suka iso mana ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome ke ɗauke da ita, wasu kuma da makulli ɗaya tak.

A cikin kan makullin akwai wani ɗan ƙwaya da ba ya buƙatar batir. Wani zoben waya da ke kewaye da ramin makulli ne ke ba shi wuta, ya karanto lambarsa ya miƙa wa kwamfutar injin. Idan lambar ba ta dace ba, kwamfutar ta hana mai ko tartsatsin wuta. Don haka makullin da aka yanko a kasuwa yana buɗe ƙofa, amma ba ya tayar da mota.

A fara da abu mai sauƙi: ƙarfin batir, fis, da wayoyin zoben, waɗanda ƙura da gargada ke kwancewa. A duba ko ƙwayar ta faɗi lokacin da aka sauya bawon makulli. Bayan haka sai a ɗora na'urar bincike a ga abin da kwamfutar ke cewa.

Idan akwatin ne ya lalace, gyaran ya koma hannun ƙwararre. Lambobin makulli na ajiye ne a ƴar ma'ajiya mai suna EEPROM, kamar 93C66 mai ƙafa 8 a wasu tsofaffin Toyota. Ana iya kwafe su zuwa akwati iri ɗaya. Amma manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta galibi kamfani ya kulle ta, kuma a ire-ire da dama yunƙurin cire kullen yana goge komai. Saboda haka mai mota ya tabbatar an adana kwafin asali kafin a rubuta wani abu.

Cire na'urar gaba ɗaya ya fi arha, sai dai ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Bakanike na gari kuma zai nemi kart giriz da katin shaida kafin ya sa hannu.

Mafi arha duka shi ne a yi makulli na biyu tun na farko yana aiki, a ajiye shi gida.