Gafiya Da Rumbunan Ƙasar Sandamu

A Amurka akwai wata dabba da a ke kira rakun, ta ɗan ɗara kyanwa girma, tana da baƙi kewaye da idanu kamar ta rambaɗa kwalli. Da dare ta ke fitowa, ta buɗe garwar shara da hannuwanta, ta haura rufin ɗaki ta haihu a can. A cikin 1934 aka saki guda huɗu a bakin wani tafki na Jamus mai suna Edersee. Yau ga shi sun yaɗu, har mutanen birnin Kassel kulle garwar shara su ke yi, sabo da harbi da tarko sun kasa ƙarar da su.

Mu nan ba mu da rakun, amma muna da gafiya, halinsu kuwa kusan ɗaya ne. Duk wanda ya zauna a Sandamu ko ƙauyukanta na ƙasar Daura ya san ta. Jigawa ce, haƙa ba ta yi mata wuya, da kaka kuma ga gero da dawa da wake da gyaɗa an tara cikin gida. Babba takan kai kilo ɗaya da wani abu, rabin wutsiyarta fari ne. Ganinta ba shi da ƙarfi, da hanci ta ke aiki. Abin da ya sa ɓarnarta ta fi ta ɓera shi ne jakar da ke cikin kumatunta: ba ci kaɗai ta ke yi ba, jida ta ke yi zuwa rami dare bayan dare. Masu haƙa raminta sukan tarar da gyaɗa jibge, wani lokaci har da ƙusa da kwabo. Ba banza aka ce gafiya tsira da na bakinki ba.

To, me mutanenmu su ke yi? Galibi ɗayan biyu, ko guba ko hayaƙi, dukansu kuwa ba mu yarda da su ba. Gubar da a ke saye a ƙulle ran kasuwa, ba suna ba bayani, a barbaɗa kan tuwo a ajiye bayan ɗaki, kaza ta fi kusa da ita, ga kuma yaro mai rarrafe. Kyanwa ko mujiya ta ci mataccen ɓera ta mutu, an kashe mai gadi ke nan. Hura wuta a bakin rami kuwa, gab da rumbun zana, da hunturu iska na kaɗawa, ya isa ya cinye noman shekara. Ko an kashe ɗaya ma, muddin abinci na nan a buɗe, wata za ta gaji ramin.

Maganin yana wurin rumbu. A ɗora shi bisa duwatsu yadda za a iya leƙa ƙarƙashi a share. A yaɓe tsaguwa tun kafin a zuba hatsi, murfi ya zauna daram. Tarin kara da itace a janye su nesa, kada reshe ya taɓa jinka. Buhuna a ɗora su kan katako, ban da jingina su da bango, wake kuwa ganga mai murfi ta fi masa. Dusa da ragowar tuwo kada su kwana a tsakar gida. In an ga rami a kafa tarko dare biyu ko uku, sa'an nan a cika shi da tsakuwa da fasassun kwalabe a yaɓe. Jaɓa dai a ƙyale ta, ƙwari ta ke ci.

Sauran magana ta malaman makaranta ce, don yara ne ke haƙar gafiya su gasa. A cikin 2003 ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka daga dabbobin da aka kai daga Ghana, cikinsu har da gafiya. Zazzaɓin Lassa kuma, wanda aka gane a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ƙaramin ɓera ke ɗauke da shi, yana yaɗuwa ta fitsarinsa da kashinsa cikin abinci. Lalle a gaya wa yara kada su ɗauki mushe da hannu, a sa shebur a binne. Ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma su ma, in sun fita duba gari, su riƙa leƙa ƙarƙashin rumbu yadda su ke leƙa randa.