An Hana Ka Diyyar Raunin Aiki? Kwana 180 Kake Da Su

 Yau daga Madobi nake magana, kuma batun ya shafi duk mai neman abinci a injin casar shinkafa ko gonar kamfani, daga nan har Kura da Bunkure.

Kun san yadda abin yake. Lokacin kaka injina ba sa hutawa. Bel ya fizgi hannun matashi, yatsu uku sun tafi. Mai injin ya biya kuɗin asibiti, ya ce "Allah ya kiyaye gaba", shi ke nan an rufe magana. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta soke haƙƙi.

Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF ce ke riƙe da asusunta. Ubangidan aiki ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, kuma an hana shi cirewa daga naka. Dokar ta haɗa da mai aikin wucin gadi da ɗan koyo, ko da da baki kuka yi yarjejeniya. Wanda rauni ya naƙasa shi gaba ɗaya, kashi 90 cikin 100 na albashinsa ake ba shi duk wata.

Yanzu ku riƙe lissafin nan. Ka sanar da ubangidanka cikin kwana 14. Shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya ta shiga cikin shekara ɗaya.

To, idan NSITF ta ce ba za ta biya ba fa? A nan ne nake roƙonka kada ka yi zuciya, kada kuma ka zarce kotu. Sashe na 55 ya ce ka fara rubuta wa hukumar kanta, ka nemi ta sake duba hukuncinta, cikin kwana 180 daga ranar da ta yanke shi. Ka bari suka wuce, damarka ta faɗi, ko da kai ne mai gaskiya. Ita ma kwana 180 take da su ta ba ka amsa.

Idan ta sake ƙi, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano. Ba kotun majistare ba, ba ta shari'ar Musulunci ba. Alƙali kuwa da hujja yake aiki, ba da tausayi ba. Don haka adana rahoton likita, rasit ɗin magani, hoton raunin, alat ɗin albashi a wayarka, da abokan aikin da abin ya faru a gabansu. Takardar da aka ƙi ka da ita ma ka ɓoye ta, kwanan watan da ke kanta ne mafarin lissafi.

Babu kuɗin lauya? Je ka ofishin Hukumar Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke Kano, diyyar ma'aikata tana cikin abin da dokarsu ta 2011 ta ba su damar tsaya wa talaka a kai. Idan ma ubangidanka bai taɓa rajista ba, lauya zai nuna maka hanyar da za ka bi ta kansa.

Ka san wani da inji ya taɓa? Tura masa wannan yau, kwanakinsa suna tafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.